TAFIYAR ƘASA CIKIN TSOHON KURMI BA WAHALAR BANZA BA CE

Tun ranar da na dawo daga Amurka, inda na yi shekara guda ina karatu ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai, 'yan ajinmu ba su bar ni na huta da tambaya ba. Wannan ya ce in ba shi labarin benaye, wancan ya ce na motoci, wani kuma so yake ya ji ko na ga 'yan wasan sinima ido da ido. Da suka matsa mini lallai sai na faɗi abin da ya fi burge ni duk zamana a can, sai na ce musu wata tafiyar ƙasa ce da muka yi cikin daji, mil 5 da rabi. Nan take aji ya kece da dariya. Wani abokina ya ce, "Haba! Ka shiga jirgin sama, ka ƙetare teku, sa'an nan ka ɓuge da yawon daji? Ai da ka faɗa mini, da na kai ka ƙauyenmu ka yi ta yi kyauta."

Ban ji haushin dariyarsu ba, gama ni ma da haka na ɗauki abin. A wurinmu tafiyar ƙasa ta wanda ya rasa kuɗin mota ce, daji kuwa na mafarauta ne da makiyaya da masu saran itace. To, amma gani ya kori ji. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu ra'ayina, wato tafiya da ƙafa cikin tsohon kurmi karatu ne mai zaman kansa, kuma al'ummar da ta bar tsofaffin itatuwanta suka ƙare ta yi hasarar da kuɗi ba ya mayarwa.

Bari in fara da bayanin wurin. A can ƙuryar arewacin jihar Kalifoniya, kusa da iyakarta da jihar Oregon, dab da garin Crescent City a bakin Tekun Fasifik, akwai wani gandun daji na gwamnatin jiha wanda aka sa wa sunan Jedediah Smith, wani Bature matafiyi da ya ratsa yankin a 1828. Tun kafin zuwansa da daɗewa ƙabilar Tolowa ke zaune a bakin kogin da ya bi ta cikin gandun, har yau kuwa zuriyarsu na nan a yankin. Itacen da ya sa wurin ya yi suna shi ne wanda Turawa ke kira redwud, wato jan itace, saboda launin katakonsa. Duk duniya babu irin itacen da ya kai shi tsawo. Mafi tsawo da aka sani, wanda aka gano a 2006 a wani gandu da ke kudu da wannan, ya kai ƙafa 380, wato wajen mita 116. Da za a kwantar da shi a filin ƙwallonmu, sai ya tashi daga wannan raga ya zarce waccan. Wajen shekaru kuwa, akwai waɗanda suka haura 2,000. Ku tuna an koya mana a darasin tarihi cewa Bagauda ya zama sarkin Kano a 999. To, irin wannan itace ya riga ya shekara 1,000 a tsaye tun Bagauda bai hau gado ba.

Wata Asabar cikin watan Yuni, gab da dawowata gida, maigidan da aka sauke ni a wurinsu, wanda nake kira Baba, ya ce in shirya za mu daji. Muka bi wata ƙaramar hanyar mota marar kwalta wadda ta ratsa tsakiyar gandun, har muka isa bakin wata turba da ake kira Hanyar Itacen 'Yan Sikawut. A can kowace turba an faɗi matsayinta, akwai mai sauƙi, akwai matsakaiciya, akwai mai wuya. Tamu matsakaiciya ce, ma'ana ba sai gwanin hawan dutse ba, amma dai rago ba zai ji da daɗi ba. Zuwa da dawowa mil 5 da rabi ne, akwai hawa da gangara, ga saiwoyi sun gitta hanya, ga taɓo nan da can.

Da na ji tsawon tafiyar sai na raina ta. Na ce a raina, ni da nake zuwa gonar kakana a ƙasa ran hutu, wannan har wata tafiya ce? Na ƙi sa takalmin da aka ba ni aro, na sa nawa na gayu, na zabura na wuce kowa. Ba mu gama hawan tudun farko ba sai ga ni ina haki, diddige ta fara yi mini zafi. Baba ya iso ni, ya miƙo mini gorar ruwa, ya ce, "Ɗana, saurin me kake yi? Itatuwan nan sun daɗe suna jira, ba inda za su. Ɗaga kanka tukuna." Na ɗaga kai, sai hulata ta faɗi, ban kuwa hango ƙarshen itacen ba. Sai a lokacin na lura ashe na yi wajen rabin awa ina tafe tsakanin abubuwan mamaki, idona na kan ƙafata.

Daga nan na rage sauri. Wurin shiru, sai ƙarar ɗigon ruwa daga sama, alhali ba ruwa ake yi ba. Rana tsaka ce amma haske kaɗan-kaɗan yake ratsowa, ga sanyi kamar na farkon hunturu. Ƙasa duk ta rufe da wasu ciyayi masu ganye kamar gashin tsuntsu, waɗansunsu sun kai mini ƙugu. Gansakuka ta lulluɓe kowane kututture. Na ga wani abu kamar dodon koɗi marar ƙoƙo, rawaya shar, yana jan ciki a kan ruɓaɓɓen ganye. Can wajen ƙarshe muka ratse muka hau wani ɗan tudu zuwa ga itacen da aka sa wa turbar sunansa. Gindi ɗaya ne ya rabu biyu ya miƙe sama, kamar yatsu biyu na gaisuwar 'yan sikawut. Daga nan turbar ta kai mu wani ɗan ƙaramin ruwa mai zubowa daga kan dutse, muka zauna muka ci guzurinmu, muka juyo. Awa 4 muka yi, na fito da kumburi a diddige da kuma darussan da zan lissafa muku.

Darasi na farko shi ne, abin da ka gani da idonka ya fi zama a kai bisa ga abin da ka haddace don jarrabawa. Malaminmu na labarin ƙasa ya sha yi mana bayanin yadda daji ke riƙe ruwa, ina rubutawa ina mantawa. A can na gani a fili. Ruwan samansu lokacin sanyi yake sauka, watannin zafi kuwa kusan babu ruwa. To, ina waɗannan ƙatti ke samun abin sha? Hazo ne mai danshi ke tasowa daga teku, ya maƙale a ganyensu, ya taru ya ɗigo ƙasa. Ɗigon da na ji ke nan. Ɓawon itacen kuma kaurinsa kan kai ƙafa guda, shi ya sa wuta ba ta cika kashe manyan ba. Na ga waɗanda wuta ta ƙwaƙule musu ciki har mutum na iya shiga ya tsaya, amma samansu kore shar. A 2020 gobara ta cinye kusan dukan gandun Big Basin, wanda aka kafa tun 1902, shi ne kuma mafi daɗewa cikin gandayen jihar. Gine-ginen wurin sun ƙone ƙurmus, amma yawancin tsofaffin itatuwan sun rayu, suka sake tohowa. Haka kuma itacen da ya faɗi ba a ɗauke shi. Ana barinsa ya ruɓe a hankali, ƙananan tsire-tsire su fito a bayansa, ƙwari da namun daji su sami mafaka. Wannan shi ne bambancin tsohon kurmi da gonar itace wadda mutum ya shuka a layi: a tsohon kurmi za ka tarar da jariri da saurayi da tsoho da gawa duk wuri guda, kowa na cin amfanin wani.

Darasi na biyu shi ne, irin wannan kurmi ba da kansa ya tsira ba, mutane ne suka tashi tsaye. Kafin a gano zinariya a Kalifoniya a 1848, dajin jan itace ya mamaye wajen eka miliyan 2 a gefen teku. Da jama'a suka kwararo neman arziki, sai aka far masa da gatari da zarto, gama katakonsa ba ya saurin ruɓewa, gara ma ba ta cika cinsa ba. Da girgizar ƙasa da gobara suka rushe birnin San Faransisko a 1906, da wannan katako aka sake gina gidaje da yawa. Yau abin da ya rage na asalin tsohon dajin bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Wannan ɗan ragowar ma da ya tafi, ba don waɗansu mutane sun kafa ƙungiyar ceton jan itace a 1918 ba. Suka riƙa tara gudummawa suna sayen daji daga hannun masu shi suna danƙa wa gwamnati. A cikin gandun da na je akwai wani yanki mai eka 44 wanda wata mata mai suna Clara Stout ta bayar a 1929 don tunawa da mijinta. Abin mamaki, mijin nan attajirin katako ne. Daga baya gwamnatin tarayya ta kafa nata gandun a 1968, ta faɗaɗa shi a 1978, kuma tun 1994 ita da gwamnatin jiha suke haɗa hannu wajen kula da gandayen yankin. Da kowa ya ce ba ruwansa, da ni ɗan Hausa ban tarar da kome ba sai kututture.

Darasi na uku ya zo mini ne ta hanyar kunya. A kan hanyar dawowa na ga wani itace da ya burge ni, na sauka daga turba na taka ciyayi na je na jingina da shi don a ɗauke ni hoto. Sai ga wata ma'aikaciyar gandu ta iso. Ba ta yi mini tsawa ba. Ta gaishe ni, ta roƙe ni in komo kan turba, sa'an nan ta bayyana mini dalili. Ashe duk tsawon nan na itacen, saiwarsa ba ta nitsa ƙasa sosai, ba ta cika wuce ƙafa 12 ba. Bazuwa take yi gefe da gefe, ta sarƙe da ta maƙwabta, su riƙe juna. Idan ƙafafu suka yi ta taka gindin, sai ƙasa ta daddale, ciyayi su mutu, ƙananan saiwoyi su ji rauni. Na ce a zuciyata, ƙafata guda me za ta yi wa wannan ƙato? Amma amsar tana nan cikin gandun. A 1998 waɗansu masu bincike biyu, Stephen Sillett da Michael Taylor, sun gano wani gungu na manyan itatuwa da aka sa wa suna Kurmin Ƙatti. Aka ɓoye wurin, amma daga baya labari ya bazu a intanet, jama'a suka yi ta kutsawa, kowa na cewa ƙafarsa guda ce, har suka tattake wurin. Tilas aka yi aiki daga 2019 zuwa 2022, aka shimfiɗa wata doguwar gadar ƙarfe mai tsawon ƙafa 1,300 don mutane su bi ta kai ba tare da taka saiwa ba. Shi kuwa itacen nan mafi tsawo a duniya, a 2022 hukuma ta hana zuwa wurinsa sam, ta ce wanda aka kama ana iya cinsa tarar dala 5,000, har da ɗaurin wata 6.

Hatta ɓarɓashin burodi ba a yarda ka bari a ƙasa ba. Akwai wani ɗan tsuntsun teku wanda ba ya yin sheƙa a bakin ruwa, sai ya taso ya zo ya yi ƙwai guda ɗaya tak a kan faffaɗan reshen tsohon itace. Masana sun daɗe suna neman sheƙarsa, sai a 1974 aka same ta a kan itace. Idan masu yawo suka zubar da abinci, hankaki da danginsa sukan taru, daga nan su gano ƙwan su fasa. Kun ga yadda sakacin mutum ɗaya da ɗan guntun burodi ke kai wa ga hasarar da bai taɓa zato ba. Wanda ya koyi ladabin daji haka, ina ganin ba zai jefa takarda a harabar makaranta ba.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Iyayenmu za su ce, wane mai hankali ne zai bar ɗansa ya shiga daji a wannan zamani? Gaskiyarsu. Dazuzzuka da yawa a ƙasarmu sun zama maɓoyar 'yan bindiga, ni kuwa ba na kiran kowa ya kai kansa ga halaka. Amma ina roƙon iyaye su dubi abin ta wata fuska. Gandun da na je akwai ma'aikata masu sintiri, akwai alamu a bakin turba, akwai jama'a na shiga suna fita, shi ya sa mutum ke tafe hankali kwance. Dajin da hukuma ta yi watsi da shi, mutanen kirki suka ƙaurace masa, shi ne mugu ke mayarwa gida. Kula da gandun daji kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ga Yankari nan, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa jihar Bauci a 2006. Ashe ke nan mu ma muna da gandun da ke hannun gwamnatin jiha.

Wani kuma zai ce, ai su Amurkawa da gas da lantarki suke girki, shi ya sa suke iya zuba wa itace ido. Mu kuwa in ba a sari itace ba da me za a dafa tuwo? Wannan ma gaskiya ce, a gidanmu ma da itace ake girki. Amma ba duk itace ne ɗaya ba. Darbejiya da turare suna girma cikin 'yan shekaru, ana iya shuka su musamman don makamashi, a sara su sake tohowa. Tsohuwar ɗorawa fa, ko kaɗanya, ko tsamiya, ko kuka? Wanda ya sare ɗorawa ya yi gawayi ya sami kuɗin mako guda, ya hana gari kalwar daddawa ta shekaru masu yawa. Kaɗanya na ba mu man kaɗe, kuka na ba mu miya, tsamiya na ba mu kunu, gawo kuwa yana kaɗe ganyensa da damina ya taki gona, da rani ya ciyar da dabbobi. Su jan itace kallo kawai ake zuwa yi, amma aka tsare shi. Mu namu har ci muke yi daga jikinsu, ashe mun fi kowa dalilin tsare su.

Da na ba kakana labarin tafiyar nan, bai yi dariya ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Kai yaro, ai mu ma muna da irin wannan. Kurmin da ke bakin rafin bayan gari, muna yara da rana tsaka ba ka ganin inuwarka a ciki. Akwai maɗaci da kanya da rimi waɗanda mutum uku ba sa zagaye su da hannu. Rafin nan kuwa ba ya ƙafewa sai bazara ta yi nisa." Na ce, "Kaka, ina suka tafi?" Ya ce, "Ɗaya-ɗaya aka ɗauke su, kowa na cewa guda kawai zai sara." Na je wurin da hutun nan na ƙirga da kaina, manyan itatuwan da suka rage 17 ne, biyu daga ciki an riga an ɗanɗana musu gatari. Rafin kuwa yashi ne zalla tun kaka ba ta gama wucewa ba.

Saboda haka ga shawarata. Ina roƙon hukumar makaranta ta yarda mu kafa ƙungiyar masu tafiyar ƙasa, maza da mata, ƙarƙashin malaminmu na labarin ƙasa. Sau ɗaya a kowane zangon karatu mu zaɓi wuri na kusa wanda aka tabbatar lafiya lau yake, mu nemi izinin dagaci, mu tafi da wani dattijo wanda ya san sunan kowane itace da amfaninsa. Mu ɗauki igiya mu auna kaurin manyan, mu rubuta a littafi, mu ajiye a laburare don na bayanmu su san abin da muka tarar da abin da muka bari. Dokokinmu su zama kaɗan: a tafi tare a dawo tare, a bi turba guda, a sa takalmin kirki, a ɗauki ruwa, kada a kunna wuta, kada a sassaƙa suna a jikin itace, duk abin da aka shiga da shi a fito da shi. In littafin ya cika, mu kai wa ƙaramar hukuma, mu roƙa a keɓe ɗan abin da ya rage.

Iyayenmu kuma, don Allah idan ɗanku ko 'yarku ta kawo takardar neman izini, kada ku ce yawon banza ne. Ku tambayi inda za a je da wanda zai jagoranta, in hankalinku ya kwanta ku sa hannu. In da hali ma ku zo mu tafi tare, gama ku kuka san yadda wuraren nan suke a da. 'Yan'uwana ɗalibai kuwa, musamman abokina da ya yi mini alkawarin yawon daji kyauta a ƙauyensu, na karɓi tayinka. Ka shirya, ranar Asabar ta farko bayan jarrabawa ina tafe da igiyata da littafina, mu ga itatuwa nawa suka rage muku.